Kujera Ɗaya Tilo: Yadda Wyoming Ta Sallami Wakiliyarta

Da yammacin Talata, 16 ga Agustan 2022, Liz Cheney ta tsaya a wani filin kiwo da ke wajen garin Jackson, damman ciyawa jibge a gefenta, duwatsun Teton a bayanta, ta shaida wa 'yan tsirarun magoya bayan da suka taru cewa ta sha kaye. Ba a daɗe da rufe rumfunan zaɓe ba aka gane inda aka dosa. Da aka gama ƙirga, abokiyar karawarta Harriet Hageman ta tashi da ƙuri'u sama da 113,000, wato kashi 66 cikin ɗari, ita kuwa ta tsira da kimanin 49,000, ƙasa kaɗan da kashi 29. Shekara biyu kacal kafin wannan rana, a irin wannan zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Rifablikan, Cheney ta lashe kashi 73. Ta ambaci wannan adadi a jawabinta, ta ce da ta so da ta sake samunsa cikin sauƙi, amma farashinsa shi ne ta yarda da iƙirarin Donald Trump cewa an sace masa zaɓen 2020, kuma ba za ta biya ba.

Labarin ya zaga duniya a matsayin wani babi na tarihin Trump, kuma babin ne. Sai dai yana da wata fuska da ta fi daɗewa da Trump, wadda ba a ganinta sosai sai a ƙaramar jiha: mene ne aikin wakili a ranar da abin da ya gani da idonsa ya saɓa wa abin da waɗanda suka aike shi suka yi imani da shi?

Ƙanƙantar Wyoming ta mutane ce kawai. Faɗin ƙasarta ya ɗara na Ghana kaɗan, kimanin murabba'in kilomita 253,000, amma ƙidayar 2020 ta samu mutum 576,851 a cikinta, mafi ƙaranci a duk jihohin Amurka hamsin. Shanu sun ninka mutane wajen sau biyu. Babban birninta, Cheyenne, mazaunansa ba su wuce 65,000 da wani abu ba. Arzikinta a ƙarƙashin ƙasa yake: kwal, man fetur da iskar gas, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na kwal ɗin da ake haƙa a Amurka daga nan yake fitowa. Akwai kuma wani abu da baƙo kan yi saurin tsallakewa alhali shi ne ginshiƙin siyasar wurin, wato kusan rabin filayen jihar mallakar gwamnatin tarayya ne. Makiyayi da ke son sakin garkensa a wani daji, da kamfanin da ke son lasisin haƙar ma'adinai, duk sai sun bi ta hannun hukumomin da umarninsu daga Washinton yake zuwa. Saboda haka wakilin da suka tura birnin tarayya, a idon mutanen Wyoming, lauyansu ne a gaban mai gidan hayar da ba su taɓa amincewa da shi ba.

Lauyan kuwa guda ɗaya ne. Kujerun Majalisar Wakilai 435 ana raba su ne bisa yawan jama'a bayan kowace ƙidaya, inda kujera ɗaya kan wakilci mutum kimanin 760,000. Wyoming ba ta cika wannan mudu ba, amma tsarin mulki ya ce kowace jiha sai ta samu aƙalla ɗaya. A yanzu jihohi shida ne ke wannan hali: Alaska, Delaware, Dakota ta Arewa, Dakota ta Kudu, Vermont da Wyoming. Kalifoniya tana da 52. Idan ɗaya daga cikin waɗannan 52 ya ɓata da jam'iyyarsa, jihar ba za ta ko ji a jikinta ba. Idan ɗaya tilon Wyoming ya ɓata da tasa, jihar gaba ɗaya ce aka rufe wa ƙofa.

A Majalisar Dattawa lissafin juyewa yake yi. Tun daga sulhun da aka ƙulla a taron Filadelfiya na 1787, lokacin da ƙananan jihohi suka ƙi shiga tarayyar da manya za su haɗiye su, kowace jiha sanata biyu take da shi. Kalifoniya mai mutum miliyan 39 da rabi da Wyoming da ba ta kai kashi ɗaya cikin sittin na wannan ba, nauyinsu ɗaya a wannan zaure. Mai karatu a Nijeriya ya san tsarin, domin daga can aka aro shi a 1979: yau Bayelsa mai ƙananan hukumomi 8 da Kano mai 44 kowacce sanata uku gare ta, yayin da a Majalisar Wakilai Kano ke da 24, Bayelsa 5. A Amurka abin ya ma zarce haka. In aka yi zaɓen shugaban ƙasa babu wanda ya samu rinjayen wakilan zaɓe, Majalisar Wakilai ce ke yanke hukunci, kowace jiha da ƙuri'a ɗaya, kamar yadda aka yi a 1825. A irin wannan rana, mutum ɗayan da Wyoming ta aiko daidai yake da tawagar Kalifoniya kaf.

Wannan ita ce kujerar da Liz Cheney ta gada, in ba a shari'a ba to a zukatan mutane. Mahaifinta, Dick Cheney, ɗan Casper ne, ya riƙe ta daga 1979 zuwa 1989 kafin ya zama sakataren tsaro, daga baya mataimakin shugaban ƙasa a zamanin George W. Bush. Ita kuwa an haife ta a 1966 a Wisconsin, ta ɗan yi ƙuruciya a Casper, amma mafi yawan sauran rayuwarta a kewayen Washinton ta yi shi, tun daga sakandare a Virginia har zuwa aiki a ma'aikatar harkokin waje. Sai a 2012 ta sayi gida a gundumar Teton, wadda tana cikin gundumomin da attajirai suka fi yawa a duk ƙasar, kuma sauran mutanen jihar kan yi mata kallon masaukin baƙi.

Shigarta ta farko ba ta yi kyau ba. A 2013 ta fito neman kujerar Sanata Mike Enzi, dattijon da ya taɓa sayar da takalma a garin Gillette kuma kowa ya san shi, abin da da yawa suka ɗauka a matsayin rashin kunya. Ana cikin haka sai ta bayyana cewa ta karɓi lasisin kamun kifi irin na 'yan jiha tun ba ta cika shekara guda da zama ba, kamar yadda doka ta shar'anta. Ƙaramin laifi ne wanda 'yar tara ta share, amma a jihar da kamun kifi da farauta suke kamar katin shaidar ɗan gari, ya zama abin ba'a na watanni. A Janairun 2014 ta janye, ta ce saboda rashin lafiya a iyalinta. Cikin waɗanda suka tsaya mata a wannan yunƙurin da bai yi nasara ba, har da wata lauya mai suna Harriet Hageman.

A 2016 kujerar wakilai ta zama babu kowa, Cheney ta nema ta samu, kuma daga nan sai hawa. Kafin ta cika shekara biyu 'yan jam'iyyarta a majalisa sun zaɓe ta shugabar taronsu, matsayi na uku a jerin jagorancinsu a lokacin, wanda mahaifinta ma ya taɓa riƙewa. Ƙananan jihohi kan yi sa'ar irin wannan, domin kujerunsu ba sa yawan sauya hannu, masu riƙe da su kan daɗe har su yi girma: Alan Simpson ya yi shekara goma yana mai tsawatarwa na Rifablikan a Majalisar Dattawa, kuma John Barrasso ya hau wannan matsayi a 2025. A shekarun mulkin Trump na farko, Cheney ta goyi bayan matsayinsa a sama da kashi casa'in cikin ɗari na ƙuri'un da ta kaɗa. Duk mai neman ya zana ta a matsayin mai sassaucin ra'ayi bai duba tarihinta ba. A kan haraji, bindiga, haƙar mai da yaƙi, ta fi da yawa daga cikin waɗanda suka kore ta tsauri.

Sai ga 6 ga Janairun 2021, ranar da magoya bayan Trump suka fasa ginin majalisa ana tsaka da tabbatar da nasarar Joe Biden. Mako guda bayan haka aka kaɗa ƙuri'ar tsige Trump, 'yan Rifablikan goma suka goyi baya, ita ce mafi girman muƙami a cikinsu. Watanni biyu kafin nan, kusan kashi 70 cikin ɗari na masu zaɓe a Wyoming Trump suka zaɓa, adadin da babu jihar da ta kai shi. Ta san da haka lokacin da ta danna maɓallin.

Abin da ya biyo baya ya zo daki-daki. A watan Fabrairu uwar jam'iyya ta jiha ta yi tir da ita a hukumance, ko da yake a makon ne 'yan majalisa suka bar ta a kan muƙaminta da ƙuri'a 145 da 61 a zaɓen sirri. Ba ta yi shiru ba, sai a ranar 12 ga Mayu suka sauke ta da ƙuri'ar murya, daga baya suka naɗa Elise Stefanik. Ta karɓi kujera a kwamitin binciken harin, ta zama mataimakiyar shugabansa. A watan Nuwamba shugabannin jam'iyya a Wyoming suka yanke, da ɗan ƙaramin rinjaye, cewa ba su ƙara ɗaukarta 'yar Rifablikan ba. Kafin nan, a Satumba, Trump ya riga ya zaɓi wadda za ta kayar da ita.

Zaɓin ya nuna wayo. Harriet Hageman ta tashi ne a gidan kiwo kusa da Fort Laramie, mahaifinta ya daɗe a majalisar dokokin jiha, ta yi karatun lauya a Jami'ar Wyoming, kuma ta shafe shekaru tana shari'a da hukumomin tarayya a kan ruwa, filaye da dazuzzuka, ciki har da dokar zamanin Bill Clinton da ta hana yin hanyoyi a wasu gandun daji. Wato aikin da jama'a ke so wakilinsu ya yi, shi take yi tun kafin ta nemi kujera. Tana da nata tabon: a 2016 Ted Cruz ta bi, har tana cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin hana Trump takara a babban taron jam'iyya. Ta ce daga baya ta gane an ruɗe ta ne game da shi, kuma masu zaɓe suka karɓi tubanta, wataƙila don da yawansu irin wannan hanyar suka biyo.

A nan ya kamata a tsaya a saurari ƙorafin mutanen Wyoming da kunnen adalci, domin jaridun manyan birane sun yi saurin mayar da su gungun ruɗaɗɗu. A ƙaddara makiyayi ne a gabashin jihar, wanda fari ya ci masa ciyawa, farashin man dizal ya yi tashin gwauron zabo a bazarar 2022, kuma yana jiran wata hukumar tarayya ta sabunta masa izinin kiwo. Ya kunna talabijin da dare sai ya ga wakiliyarsa tilo zaune kusa da 'yan Dimokurat tana jagorantar zaman da miliyoyin Amurkawa ke kallo. Ya san 'yan jam'iyyarta ba sa ko gaisawa da ita, balle su sa hannu a ƙudurin da ta kawo. Ya kuma lura an daina ganinta a tarukan gari, da bukukuwan hawan doki, da faretin da 'yan siyasar jihar ba sa fashinsu. Dalilinta na gaskiya ne, barazanar kisa ta yi mata yawa har sai da aka ba ta masu gadi, ta koma ganawa da mutane a gidaje cikin sirri. Amma a jihar da mai zaɓe ya saba tare sanata a kantin gari ya faɗa masa damuwarsa, rashin ganin fuska babban rashi ne. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da aka ji kuma cewa ta tara sama da dala miliyan 15, mafi yawansu ƙwarai daga wajen jihar, sai kuɗin ya zama shaida a kanta maimakon makami a hannunta.

Duk da haka, wannan bayani bai isa ba, kuma wanda ya tsaya a kansa ya yi wa gaskiya ƙwange. Asalin Cheney bai sauya ba tsakanin 2020 da 2022. Gidanta na Teton yana nan lokacin da aka ba ta kashi 73, shekarunta na Virginia ma haka, kuma babu wanda ya tuna da lasisin kifi. An zaro zancen baƙunta ne daga kube bayan an riga an yanke hukunci. Abin da ya sauya guda ɗaya ne: ta ce ba a sace zaɓe ba, ta kuma ƙi daina faɗa. A wannan batu kuwa ita ke da gaskiya. Ƙararraki fiye da sittin aka shigar don ƙalubalantar sakamakon 2020, kusan dukkansu suka faɗi, wasu a gaban alƙalan da Trump da kansa ya naɗa, kuma babban lauyan gwamnatinsa, William Barr, ya ce ma'aikatarsa ba ta ga maguɗin da zai sauya sakamako ba. Hageman ta tsaya a gaban jama'a ta ce an murɗe zaɓen. Mutum zai iya tausaya wa makiyayin nan a kan dizal da izinin kiwo, ya kuma yarda cewa a kan wannan tambayar an yaudare shi.

Rikicin tsoho ne. A 1774 Edmund Burke ya shaida wa masu zaɓensa na Bristol a Ingila cewa abin da suke bin wakili bashi ya haɗa da hankalinsa da hukuncinsa, kuma in ya sadaukar da su don biyan ra'ayinsu, cin amanarsu ya yi. Masu koyar da kimiyyar siyasa suna son wannan jawabi, sai dai ba kasafai suke ƙarasa labarin ba: a 1780 Burke ya ga ba zai kai labari a Bristol ba, ya janye, ya koma wata 'yar mazaɓa da ke aljihun wani mai kuɗi. Haƙƙin wakili na bin hukuncinsa da haƙƙin jama'a na sallamarsa tare aka halicce su. Cheney ta yi amfani da nata a Janairun 2021, su kuma suka yi amfani da nasu bayan wata goma sha tara, kuma abin lura shi ne ta kira Hageman ta amince da kayen a daren, wato ta yi abin da take zargin Trump da ƙin yi.

Akwai kuma abin da ya fi halin mutane tasiri, shi ne ƙa'idar zaɓen kanta. Rabon Wyoming da tura ɗan Dimokurat Majalisar Wakilai tun Teno Roncalio, wanda ya sauka a ƙarshen 1978. Rabonta da zaɓen ɗan Dimokurat a shugabancin ƙasa tun Lyndon Johnson a 1964. A irin wannan jiha babban zaɓen Nuwamba biki ne kawai, ainihin hukuncin a watan Agusta ake yanke shi, a cikin gidan jam'iyya ɗaya, inda masu zafin ra'ayi suka fi kowa fitowa. A duba makomar mutum goman nan da suka goyi bayan tsigewa. Huɗu sun haƙura da sake tsayawa, huɗu sun faɗi a zaɓen fid da gwani, biyu kawai suka koma majalisa, Dan Newhouse na jihar Washinton da David Valadao na Kalifoniya. Duka biyun daga jihohin da ake zuba 'yan takarar kowace jam'iyya a takarda ɗaya ne, kowa ya zaɓa, biyun da suka fi ƙuri'a su je zagayen ƙarshe. A Alaska, wadda ita ma ƙaramar jiha ce mai kujera ɗaya, Sanata Lisa Murkowski ta kaɗa ƙuri'ar samun Trump da laifi, ta kuma tsira a 2022 a ƙarƙashin sabon tsarin da ya buɗe zaɓen farko ga kowa, ya ba mai zaɓe damar jera 'yan takara bisa fifiko. Jarumtakar waɗannan ba ta fi ta Cheney ba. Alƙalansu ne suka fi nata yawa da bambancin ra'ayi.

Cheney ta gane haka, ta kuma nemi mafita ta wata kafa da dokar Wyoming ta bari a lokacin: mai zaɓe na iya sauya jam'iyya a rumfa ranar zaɓe. Ofishin kamfen ɗinta ya aika wa 'yan Dimokurat takardu yana nuna musu yadda za su yi. Dubbai sun amsa kira, wasunsu mutanen da suka shafe shekaru suna la'antar sunan Cheney saboda yaƙin Iraƙi. Amma lissafin bai taɓa yiwuwa ba, domin ko da duk 'yan Dimokurat masu rajista a jihar sun tsallako, ba za su cike giɓin ƙuri'a dubu sittin da 'yan kai ba, kuma kowace takarda da ta isa hannun ɗan Rifablikan ta ƙara tabbatar masa da abin da ake faɗa a kanta. Tallan da mahaifinta ya fito a ciki da hular makiyaya, yana kiran Trump matsoraci, ya fi samun masu kallo a wajen jihar. Cikin gundumomi 23, biyu ta ci: Teton, da Albany inda jami'a take. Su ne kuma biyun da Biden ya ci a 2020.

A Nuwamba Hageman ta doke Lynnette Grey Bull ta Dimokurat da kusan kashi 68 cikin ɗari, ta samu kujera a kwamitin albarkatun ƙasa, inda ake tattauna filayen tarayya, da kwamitin shari'a. A farkon 2023 majalisar dokokin Wyoming ta toshe kafar da Cheney ta gwada bi, ta hana sauya jam'iyya daga lokacin da aka buɗe rajistar 'yan takara har zuwa ranar zaɓen fid da gwani, ta yadda mai zaɓe zai zaɓi gida tun bai san waɗanda za su tsaya ba. Cheney ta koma koyarwa a Jami'ar Virginia, kuma a 2024 ta hau dandamali tare da Kamala Harris tana roƙon 'yan Rifablikan su ƙi Trump. A wannan zaɓen Wyoming ta ba shi kusan kashi 72 cikin ɗari, fiye da abin da ta ba shi a 2020.